Baƙin Ruwan da Ke Ƙasan Tanki

Har gobe in baƙo ya sauka a Tanut ya nemi gidana, ba za a ce masa gidan maƙeri ba, ba za a ce gidan direba ba. Gidan mai ruwa za a ce masa. Yawancin masu faɗin haka yanzu ba su san mafarin abin ba, suna tsammanin ko na taɓa yin ga-ruwa ne. Wallahi ko ludayi ɗaya na ruwa ban taɓa sayarwa ba. Sunan ɓarawo ne aka laƙaba mini, ya tsufa har ya yi laushi a bakin mutane, amma a kunnena bai yi laushi ba. Tunda hannuna bai fara rawa ba tukuna, bari in rubuta yadda aka yi.

Ni ɗan maƙera ne, kakana maƙeri, ubana maƙeri. Ina saurayi aka kwashe mu aikin dole zuwa Damagaram, aka ga na san wuta da guduma, aka tura ni garejin bariki. Shekara shida na yi a can ƙarƙashin wani tsohon soja Babambare mai saurin mari. Hausarsa ba ta fi cikin cokali ba, amma ya cusa mini abu guda da ya fi duk sauran, wato kada in sa hannu a inji sai na saurare shi tukuna. In ya ga na ɗauki ƙarfe kafin in kasa kunne, sai dai in ji saukar tafi a ƙeya.

Aminina kuwa ɗan madugu ne. Rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, rumfa ɗaya muka yi jinya, akushi ɗaya muka ci. Ubansa bai so yana zama a maƙera ba, shi kuwa kamar an binne cibiyarsa a bakin murhunmu. Yana ce mini Maƙeri, ina ce masa Madugu, tun bai mallaki ko jaki ba. Da na dawo daga Damagaram shi ya fara tarye ni a bakin gari, ya kama ni da kokawa a gaban mutane, wai yana so ya ga ko tuwon bariki ya ƙara mini ƙarfi.

Shekarar da Nasara suka kwashe manyan ofisoshinsu daga Damagaram suka yi yamma, sun bar tarkace da yawa ana gwanjo. A cikin tarkacen akwai wata ƴar kamiyo, motar kaya ƙarama, mai buɗaɗɗen baya na katako, wadda na sani tun a gareji. Ta sha wuya, fentinta ya koɗe, fitilarta ɗaya makauniya ce, amma cikinta lafiya lau. Uban aminina ya rasu a shekarar, raƙuma sun dawo hannunsa. Ya sayar da wasu ya saye ta bisa shawarata. Ya ce, "Maƙeri, motar tawa ce, amma hannu naka ne. Ba mai taɓa ta sai kai." Ya miƙo mini manibel, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake murɗawa a gaba a tayar da inji. Ita motar tana kwana a ƙofar gidansa, manibel yana kwana a ƙarƙashin gadona.

Tsohuwa nake ce mata. Shekara guda muka yi da ita muna jigilar gero da fatu, Tanut zuwa Damagaram, ranar kasuwa mu leƙa Falanko, wani lokaci mu bi kwarin Tarka har Belbeji. A lokacin hanyar ba hanya ba ce, sawun raƙuma ne kawai da kututture. In ta nutse a rairayi mu shimfiɗa mata tabarmi, in tudu ya yi tsayi in juya ta in hau da baya don mai ya riƙa gangarowa inji. Masu raƙuma ba su ƙaunar ganinmu ko kaɗan, abin da ayari ke yi kwana shida mu yi shi a yini biyu. Ni kuwa ina ji da kaina, ba na ɓoyewa. Ɗan maƙera ne a kan kujera, hakimai na ɗaga masa hannu.

Sai aminina ya yi aure. Ƴar babban malamin unguwarmu ya aura, dattijo mai sanyin magana wanda ni kaina a hannunsa na yi ɗan karatun da na yi. Kun dai san surukuta a wurinmu, amma tasa ta wuce misali. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Ba ya cin abinci inda malam zai gan shi, ba ya dariya in malam na kusa, in ya hango shi a lungu sai ya canza hanya. Ina yi masa tsiya ina cewa, "Madugu, ko raƙumi ba ya durƙuso kamarka." Shi kuma ya ce in bari nawa ya zo.

Wata biyu da aurensa, Tsohuwa ta fara ciwo.

Lafiyayyen inji in mota na tsaye yana aiki shi kaɗai, abin da muke ce wa ralanti, bugunsa huɗu-huɗu ne daidai wa daida, kamar mata huɗu suna lugude a turmi ɗaya. In ɗaya ta tsallake, ko kana bayan katanga za ka ji. To haka na fara ji wata safiya. Ta buga uku ta yi shiru a na huɗu, jikinta ya girgiza, ta yi shaƙuwa, sannan ta ci gaba. In na ba ta wuta ta yi tari, wani lokaci ta yi atishawa ta baya, fau, har jakuna su tsinke igiya. Bayan mun yi tafiya mai ɗan nisa sai ta washe, kamar ba ita ba.

Na fara da buji, ƴan kawunan nan huɗu da ke ba da tartsatsi a saman inji. Dabarar mai sauƙi ce. Ka ɗauki turnabis, wato sukudireba, mai ƙotar ice, ka haɗa kan buji da jikin inji, ka ɗauke masa wuta. In inji ya ƙara rikicewa, wannan buji mai aiki ne. In bai ko kula ba, ka kama malalacin. Ranar farko na kama na uku, na kwance shi, na kankare masa baƙi, na gyara bakinsa, na mayar. Washegari na uku lafiya lau, na ɗaya ne ke barci. Jibi kuma na biyu. Kai, na ga ikon Allah.

Akwai wasu akwatuna huɗu na katako a gaban ƙafar direba, su ke aika wa kowane buji wutarsa, suna kuka kamar zuma. Na goge bakinsu, na sauya musu wuri, na bi waya ɗaya bayan ɗaya da yatsa ina neman inda ta goge. Wuta ta fizge ni har sau biyu, gwiwar hannuna ta yi kwana uku tana tsami. Sati uku ina wannan fama. A bakin kasuwa masu raƙuma suna zaune suna kallona a ƙarƙashin mota, ɗaya ya ce wai in gwada ba ta kanwa. Na haɗiye, amma raina ya ɓaci, don aikina ne ake yi wa dariya.

Sai maganar Babambaren nan ta faɗo mini. Ya taɓa ce mini in ciwo ya zauna a ɗaki ɗaya, laifin ɗakin ne, in kuwa yana yawo ɗaki-ɗaki, in nemi abin da su huɗun suke ci tare. Mai ke nan. Amma a nan ne kaina ya ɗaure, domin ba a zuba mai a tankin nan sai da hannuna. A garwa yake zuwa daga Damagaram, a rufe, ni nake huda ta. Kuma ba na zubawa sai na tace shi da jemammiyar fatar barewa, wadda mai ke wucewa ta cikinta, ruwa da ƙasa su tsaya a sama. Ina da tabbacin abin da nake ba ta.

Ranar da na gano, muna kwarin Tarka ne ni da aminina, da buhunan gero a baya. Hantsi ya ɗaga ta fara shaƙuwar nan har ta mutu. Muka tura ta inuwar wata aduwa. Na ɗauki ƙoƙon shan ruwanmu, na kwanta a ƙarƙashinta, na buɗe ɗan famfon da ke gindin karbirato, wato ƴar tukunyar da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Na tara ƙoƙon na fito da shi haske.

Mai yana sama, garau. A ƙasansa kuwa ga wani abu baƙi yana mirginawa, bai gauraya da man ba. Ruwa ne, don ruwa ne ke kwanciya ƙarƙashin mai, amma ban taɓa ganin ruwan tanki baƙi haka ba. Na tsatsa ja ne. Na tsiyaye man a hankali, na tsoma yatsa, na murza. Yana da danƙo. Na kai hanci, ƙaurin mai ya rufe komai. Sai na ɗiga a harshe.

Duk wanda uwa ta haifa a ƙasar nan ya san wannan ɗanɗanon. Da shi aka yaye mu, shi aka ba mu ranar kaciya, shi ake ba mu in zazzaɓi ya kama mu. Ɗan ɗacin gawayi, da danƙon ƙaro, da ƙamshin allon da aka wanke. Rubutu ne.

Na ɗago kai na dubi aminina. Yana zaune a kan tushen aduwa yana sosa ƙeya, yana murmushi irin na wanda aka kama da hannu a tukunyar miya.

Na ce, "Madugu, mene ne wannan?"

Ya ce, "Surukina ne. Duk daren Juma'a yana aiko mini da ƙoƙo, ya ce a shayar da ita don tsari daga baki da sharrin hanya. Yadda ake ba doki. Na ga ɗan kaɗan ne, na ce me zai yi?"

"Me zai yi? Sati uku kana kallona ina birgima a ƙasa, wuta na fizga ta, ana yi mini dariya a kasuwa, kai kuwa ka san abin da ka ɗura mata!"

"Wallahi ban san shi ne ba, Maƙeri. Ayar Allah ce fa."

Na ce, "Ayar Allah ce, ni ma ina sha, kuma zan sha har in mutu. Amma da ruwa aka wanke ta, ruwa kuwa ba ya kama wuta. Ƙaron da ke cikin tawadar kuma shi ke toshe ɗan ramin da mai ke bi, ramin da bai fi kafar allura ba. Ungo, ɗanɗana ka ji."

Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, sai dariya ta ƙwace masa. Ni ma na kasa riƙewa. Muka yi ta dariya a cikin dajin nan har hawaye, wani Bafillace da ke wucewa da shanu ya tsaya yana kallonmu. Na kwance karbirato na wanke shi, na zare gashin wutsiyar doki da nake ajiyewa na bi ramin da shi, na tsiyaye gindin tanki. Murɗi ɗaya ta tashi, huɗu-huɗu, tsaf.

Sannan na kai shi gabanta na nuna masa bakin radiyato, tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Na ce, "Ka ga, ciki biyu gare ta, na mai da na ruwa. Duk rubutun da malam ya aiko ka zuba a nan. Ta sha, tsari ya samu, ba a ɓata wa kowa ba." Ya ce kai, wannan dabara ta yi. Sai ya kama hannuna, fuskarsa ta canza, ya ce, "Amma ka riƙe mini amana. Kada bakinka ya taɓa faɗin cewa rubutun surukina ya sa mota ciwo. In maganar nan ta fita, masu raƙuma za su yi waƙa da ita, ni kuwa ba ni da fuskar da zan sake duban gidansa. Rantse mini." Na rantse masa. Abu ne mai sauƙi a lokacin, ban ko yi tunani ba.

Wata uku Tsohuwa ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Ana nan rikici ya tashi a wajen Belbeji tsakanin manoma da makiyaya a kan wata rijiya, har an fasa wa wani kai. Ɓangarorin biyu suka yarda malam ya zo ya yi musu sulhu, aka sa rana, aka ce bayan azahar. Aminina ya ce ba za a ɗora surukinsa a kan raƙumi da zafin bazara ba alhali yana da mota. Malam bai taɓa shiga mota ba. Aka shimfiɗa masa buzu a gaba kusa da ni, dattawa uku da aminina suka hau baya. Ɗaya daga cikin dattawan nan babban mai raƙuma ne, ba don Allah ya hau ba, don dai kada a ce ya ƙi rakiyar malam.

Ana sallame asuba muka tashi. Tun a murɗin farko kunnena ya gaya mini, amma na ƙaryata shi. Kafin rana ta yi zafi ta fara shaƙuwa, kafin mu shiga kwarin Tarka sosai tana tafiya da ƙafa uku, sannan ta yi atishawa biyu ta mutu a tsakiyar fili, inda ko inuwar da akuya za ta fake babu.

Na shiga ƙarƙashinta na buɗe famfo. Wannan karon ba ɗigo ba ne. Ƙoƙo ya cika da baƙin ruwa, na zubar, ya sake cika. Na kira aminina kamar ina so ya riƙe mini wani ƙarfe, ya tsuguna, ya ƙi haɗa ido da ni. Na nuna masa ƙoƙon.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Jiya ya tambaye ni ta wane baki nake ba ta. Na ce ta gaba. Ya ce a'a, ta bakin da take cin abincinta, nan ne zai ratsa jikinta. Buta guda ya aiko don tafiyar babba ce. Ba zan iya yi masa musu ba, Maƙeri, kuma ba zan iya yi masa ƙarya ba."

Na ce, "Ni kuwa za ka iya yi mini."

Kafin in rufe famfon sai ga mai raƙuman nan ya sunkuyo a kanmu. Ya ce, "Af! Ruwa ne nake gani yana fitowa daga cikin mai?" Ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Dole na juye tankin gaba ɗaya, na tace abin da zai tatu, na wanke karbirato sau biyu a cikin iska mai rairayi. Rana ta take, ruwan salkarmu ya yi kaɗan, ɗaya daga cikin dattawan ya suma sai da aka yi masa fifita da rawani. Malam yana zaune a ɗan inuwar motar yana jan carbi. Sai bayan la'asar ta tashi, kuma man da ya rage ba zai kai mu ba. A kan jakunan wasu Buzaye malam da dattawa suka ƙarasa Belbeji washegari, suka tarar taro ya watse, ana cewa mutanen Tanut sun raina su. Kafin in bar wurin na ɗura sauran baƙin ruwan a ƴar gora na toshe, ban ma san me zan yi da shi ba.

Kwana huɗu da dawowarmu aka kira ni ƙofar mai gari bayan la'asar. Mutane maƙil. Malam na gefe a kan buzunsa, aminina na can baya a durƙushe. Mai raƙuman nan ya miƙe ya ce shi da idonsa ya ga ruwa cikin ƙoƙo uku ya fito daga tanki. Ya ce kowa ya san ba mai zuba wa motar nan mai sai ni. Ya ce abin a fili yake, ina ɗibar mai ina sayar wa yaran bariki, in cike gurbin da ruwa. Wani ya ce dama ya taɓa ganina da garwa a bayan kasuwa. Eh mana, ya gan ni, a can nake kai garewanin da suka ƙare ana yin guga da su!

Mai gari ya ce, "Kai ɗan maƙera, an sami ruwa a cikin man?"

Na ce, "An samu, ranka ya daɗe."

"Wa ya zuba?"

Na dubi malam. Fuskarsa ba ta nuna komai ba sai gajiya. Har yau ina da yaƙinin bai gane ba. A wurinsa rubutu rubutu ne, in ka ce masa ruwa, rijiya yake tunawa. Kuma na san halinsa, da wani ya tsuguna ya gaya masa cikin ladabi tun farko, da murmushi zai yi ya ce to a canza baki. Ba wanda ya gaya masa. Ni rantsuwa ta ɗaure ni, kuma ko ba rantsuwa, wa zai saurari ɗan maƙera in ya ce aya ta ɓata ƙarfe?

Mutum ɗaya ne zai iya kwance ni. Na ciro ƴar gorar daga aljihu, na zuba a murfinta, na ratsa mutane har inda yake. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai motar ya san kayansa. Madugu, ɗanɗana ka gaya musu ko wane irin ruwa ne."

Ya karɓa. Ya kai baki. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya saci kallon inda surukinsa yake, sannan ya mayar da ido ƙasa.

Ya ce, "Ruwan rijiya ne. Dattin tanki ne ya baƙanta shi."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Ba fushi ne ya fara zuwa ba, sanyi ne, tun daga tafin ƙafa. Mutumin da muka yi jinyar kaciya a rumfa ɗaya! Na buɗe baki, maganar tana kan harshena, sai na tuna hannunsa cikin nawa a gindin aduwa. Na rufe. Shi ya saki tasa amanar a gaban gari, ni na riƙe tawa, kuma ban san ko jarumta ce ko wauta ba. Yawancin ranaku ina ganin wauta ce.

Mai gari ya ce albarkacin ubana ba za a kai ni gaban kumandan Nasara ba, amma in mayar da kayan mutane. Na je gida na jawo manibel daga ƙarƙashin gado, na kawo na ajiye a gaban aminina. Ban miƙa masa a hannu ba.

Da na koma maƙera ubana bai tambaye ni komai ba. Ya matsa gefe ya nuna mini zugazugi, aikin da na bari tun ina ɗan shekara goma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne manoma. A da mutum zai kawo ƙarfe ya ce a yi masa hauya, ya tafi kasuwarsa ya dawo. Yanzu in ni ne a bakin maƙera sai ya nemi wuri ya zauna, idonsa a kan ƙarfensa har in gama, kada in gutsura. A nan sunan ya fara, mai ruwa, da farko a bayan idona, daga baya a gabana.

Bayan sati guda aminina ya tare ni a lungun bayan kasuwa, inda ba kowa. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Maƙeri. Tsohon ya tsufa. Ranar da ya kau, wallahi zan tsaya a ƙofar mai gari in wanke ka." Na ce masa tir, na wuce. Amma kun san zuciya, na ajiye maganar a wani lungu ina jira.

Ya ɗauko wani direba daga Damagaram. Rubutu bai fasa zuwa ba, shi ma bai fasa zubawa ba. Ina bakin maƙera ina jin Tsohuwa tana wucewa da ƙafa uku, na san ciwonta, na san maganinsa, ba dama in ce komai. Ba ta ga damina biyu ba ta mutu ɗungurum a hanyar Falanko. Ƙarafan gindinta ma wurinmu aka kawo, ni na ƙera wuƙaƙe da su. Ƙarfe ne mai kyau.

Shekara goma sha ɗaya malam ya ƙara a duniya. Da ya rasu na je jana'iza, na zauna zaman makoki, aka yi uku, aka yi bakwai, ina zaune ina kallon bakin aminina. Ranar arba'in da aka shafa fatiha na bi shi har ƙofar gida. Na ce, "Madugu, tsohon ya kau." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Maƙeri, yanzu kuma a ce na tono mamaci? Ai maganar ta wuce, kowa ya manta." A ranar ne na yi fushin da ban yi a ƙofar mai gari ba. Na ture hannunsa, na gaya masa maganganun da ba zan rubuta ba. Muka yi shekaru sai dai gaisuwar masallaci.

Bara waccan ya kwanta ciwon ajali, ya aiko babban ɗansa ya kira ni. Na sa rigata mai kyau. Ina tafe ina cewa a raina yau dai za a yi ta, don na san ɗakin cike yake da ƴan dubiya, da liman, da ƴaƴansa. Haka kuwa na tarar. Ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Da ya gan ni ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce kowa ya ba mu wuri. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya saki labule.

Ya ce, "Maƙeri, ka yafe mini."

Na ce, "Kira su su dawo, ka faɗa a gabansu. Kalma uku ce, Madugu: ni na zuba."

Ya rufe ido. Na jira. Can ya ce, "Ƴaƴana jikokin malam ne." Sannan ya ce yana jin ƙishirwa.

Akwai ƙoƙon rubutu a gefen tabarmarsa, an rufe da faifai. Na tallafo kansa na ba shi ya sha, kaɗan ya zubo mini a yatsa, da danƙonsa kamar na wancan. Na ce na yafe, don ba zan bar mutum ya shiga kabari da kayana a kansa ba. Na kwantar da shi na gyara masa mayafi.

Ina fitowa zaure mutane suka matsa mini. Wani baƙo cikin ƴan dubiya, da alama daga Damagaram ya zo, ya tambayi ko wane ne dattijon da aka fitar da kowa dominsa. Babban ɗan aminina ya amsa masa da ladabi, ba da nufin komai ba.

Ya ce, "Aminin baba ne. Mai ruwa."